Shasi Ake Fara Tambaya, Ba Mai Mota Ba

Ka tambaye ni yadda za a gane hannu nawa tsohuwar Land Rover ɗin nan ta ratsa, da abin da aka sauya a jikinta, tunda mai ita ya ce yadda ta fito daga kamfani haka take. To ɗana, ajiye maganarsa tukuna. Ba lallai ƙarya yake yi ba, shi ma abin da aka gaya masa ranar ciniki yake maimaitawa.

Ɗauki burushin waya da tocila ka shiga ƙarƙashi. A irin waɗannan masu sifirin na falle-falle, ana buga lambar shasi a ƙarfen da ke riƙe sifirin na gaba, ta hannun dama. Goge a hankali, kada ka sa injin gurza ya cinye lambar. Sai ka gwada ta da wadda ke kan ɗan farantin cikin mota, da wadda ke takarda. In suka saɓa, ta shasi za ka fi ba gaskiya, domin faranti kowa na iya cire shi ya ɗaura wani. In ka ga wurin ya yi sumul fiye da kewayensa, ko an yanko ƙarfe an yi walda daidai nan, tsaya ka kira ni. Rashin lamba kaɗai ba shaidar sata ba ne, wani tsatsa ce ta ci shasinsa ya sa sabo. Amma mai wannan aiki sai ya nuna rasit.

Lambar kanta tana magana. Tsarin nan mai haruffa da lambobi 17 a farkon shekarun 1980 ya zama ruwan dare, kuma babu I, O da Q a cikinsa. Motar da aka ce ta 1970 ce ba ta da haɗi da shi. A Land Cruiser ma FJ40 injin fetur ne, BJ40 na dizal. Ka ga FJ a shasi, ka buɗe bonet ka tarar da dizal, ai magana ta ƙare, an sauya inji.

Daga nan sai jiki. Samfurin Land Rover da ake kira Series III a 1971 ta fito, ragar gabanta ta roba ce, mita kuma tana gaban direba. Ta Series IIA da ta gabace ta ragar ƙarfe ce, mita a tsakiya. Sifirin mai naɗi sai a 1983 ya zo da samfurin 110, injin 200Tdi kuwa ya shiga Defender, magajiyar Series, a 1990. Saboda haka duk Series da ka gani da Tdi, dashe ne. Duba mazaunin injin, za ka ga waldar da ba ta kamfani ba. Ni dashe bai dame ni ba in an yi shi da kyau, ɓoye shi ne ba na so.

Ramuka su na fi so, don mai fenti yakan manta da su. Ramukan rufi na kariyar ɗora kaya ne ko eriya, na bamba na winci, wato injin janyo mota da igiya. Wayarin lantarki mai ƙarfin volt 24 a motar fetur yakan nuna ta soja ce mai ɗaukar rediyo. Haska ƙofa da tocila ta gefe, sau da yawa inuwar tsohon rubutun wata ma'aikata takan fito ta ƙarƙashin fenti. Launin asali kuwa yana ƙarƙashin kujera da bayan robar ƙofa. Kada ka wahalar da kanka da mayen ƙarfe wajen neman ciko, bodinta alminiyom ne, ba ya kamawa. Mitar ƙirga tafiya ma kar ka dogara da ita, mai lambobi biyar in ta wuce 99,999 sifili take komawa.

Takardu daga na yau za ka bi su baya-baya: wanda ya sayar a wannan rasit shi ne ya saya a na gabansa? Inda sarƙar ta tsinke, rubuta shekarun. Mafarin sarƙar kuma yana Ingila, gidan tarihin British Motor Museum da ke Gaydon yana ba da takardar shaida daga kundin kamfani, da ranar ƙira da launi da inda aka fara tura motar.

Je ka ɗauki hoton lambobin nan uku da ta inji, ka kawo mini kafin mu kira mai ita.