Wai da gaske daga nesa ake kashe wa mutum layin intanet a da?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohon mai kafen intanet ne a Aboabo nan Kumasi, tun zamanin da muke shiga intanet ta layin waya, modem, na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin waya, ya yi ta kukansa kafin ya kama. Akwai wani yaro da ke cika baki wai daga Nima zai iya kashe mana layi, kuma wallahi sai mu ga NO CARRIER a kwamfuta, wato layi ya katse. Asiri ne ko me?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ba asiri, yaron dai ya san lagon modem ɗinku ne.

Da zarar layi ya haɗu, modem ɗan aike ne kawai, duk abin da kwamfuta ta miƙa masa wucewa yake da shi. To yaya za a ce masa tsaya, da kai nake? Kamfanin Hayes na Amurka da ya fito da Smartmodem a 1981 shi ya kawo dabarar: a yi shiru daƙiƙa ɗaya, a tura +++, a sake yin shiru daƙiƙa ɗaya, sai ya koma sauraron umarni, ka ce ATH0 ya ajiye waya ko ATO ya ci gaba da aiki. Shirun nan shi ke hana shi ruɗewa in +++ ya faɗo cikin fayil.

Hayes ya yi rajistar dabarar a 1985, duk mai so sai ya biya, wasu masu ƙera modem kuwa suka ce ba za su biya ba, suka cire shirun, ni dai a ganina rowa ce ta jawo muku. Tunda ba shirun, duk inda modem ya ji +++ daga kwamfuta sai ya ɗauka umarni ne. Sai yaron ya turo ping, wato ɗan saƙon gwada ko kwamfuta na kan layi, da +++ATH0 a ciki, ita kuma kwamfuta ƙa'idarta ta mayar da abin da aka turo mata yadda yake, modem ya ji daga bakin uwar ɗakinsa, shikenan ya katse.

Maganin ATS2=255 ne cikin saitin modem, ya daina kula +++ gaba ɗaya, in za a ajiye waya kwamfuta ta sauke siginar DTR, wadda take nuna wa modem cewa tana nan a shirye.

Amma fa kar a ɗora wa yaron duka laifin. Kira ya shigo kan layin, ko wani ya ɗaga wayar ɗaki, ko ruwan Kumasi ya jiƙa waya, in sautin modem ɗin ɗaya ɓangaren ya ɓace kamar daƙiƙa 1.4 yawancin modem da kansu suke ajiyewa.