Yaran bara a Damagaram: yau aka fara ko tun da ne?

Tambaya: Malam, kullum in na bi ta kasuwar Dole sai in ga yara da robar bara suna bin motoci, ga kuma benaye ana ta ginawa. Kakata na cewa a da babu haka a Damagaram. Gaskiya ne?

Amsa: Malama, kaka ta faɗi gaskiya amma ba duka ba. Tazara tsakanin mai shi da marar shi tsohuwar aba ce a garin nan. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram na da arziki sosai, ga ganuwa ga bindigogi, ayari na tashi daga Zango da fatu da gashin jimina har Turabulus, daga baya attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna. To amma cikin kayan da ayarin ke ɗauka har da bayi, kuma da yawansu yara ne da aka kamo a yaƙi. Wannan ɓangaren ba a cika faɗa wa jikoki ba.

Inda kaka ke da gaskiya shi ne, yaron da, ko almajiri ko ma bawa, yana da gidan da aka san shi. Almajiri na da uwar ɗaki mai ajiye mai tuwo, da damina ya yi noma a gonar malaminsa, kuma garin bai cika ba balle abincin ya gaza.

Abin da ya ɓata lissafin kuwa, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai fataucin hamada ya mutu, yunwar Kakalaba ta biyo baya a 1914, sannan a 1926 Nasara suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai, aiki da kuɗin gwamnati suka bi su. Gyaɗa ta riƙe mutane na ɗan lokaci, farin 1973 da na 1984 suka karya ta, kuma duk yunwar da aka yi ƙauye ne ke kwararowa birni, mai zuwa cin rani ya ƙi komawa, uba ya danƙa wa malam ɗansa don rumbu ba komai, malamin shi ma ba gona gare shi a birni ba. Nan ne aka samu yaron da ba shi da uwar ɗaki sai titi, in ya girma babu sana'a ki same shi cikin 'yan fale, wato gungun samari zauna-gari-banza.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ingila na cikin ganiyar arzikinta yara ke kwana a titi suna aikin masaƙa da ramin kwal. Ba yawan dukiya ya fitar da su ba, doka ce: a 1833 aka hana ɗaukar yaro ƙasa da shekara 9 a masaƙa, a 1880 aka tilasta lakwal, a 1906 aka ba da izinin ciyar da yara a makaranta. Abin da ke ci mani rai kenan, matatar man SORAZ na aiki kusa da mu tun 2011, amma a unguwar Kara-Kara har yanzu yarinya ke fashin lakwal don ta bi layin ruwa da jarka. Ni a ganina da abincin rana a lakwal da makarantun allo, da famfo a unguwannin gefen gari, ya kamata a fara.