Gansakuka a akwatin murjani: magani kake nema?

Wato tambayarka ita ce wane magani za ka sawo ka zuba a akwatin gilashin da ake kiwon kifi da murjani a gidan likita, tunda gansakuka ta rufe duwatsu har tana neman shaƙe murjani, wanda halittar teku ce mai rai. Magani! Ajiye bokitin nan ka zauna, yaro. Wannan kalmar ce ta ci mini jikka 800 a gidan wani Alhaji a unguwar Ali Ɗan Sofo, kuma har gobe in na bi ta ƙofar gidan sai zuciyata ta tafasa.

Akwati ne mai cin lita 400, da hannuna na haɗa gilashinsa. Duwatsun teku da murjanin daga Legas aka ɗauko mini su, suka biyo ta Kano, Katsina, Jibiya, suka shigo ta Ɗan Isa. Tun asuba ina kan iyaka ina jiran mota, don kada rana ta dafa mini kaya. Ka san mu nan ba teku gare mu ba, ko gishirin haɗa ruwan sai an kawo mana daga nesa. Wata huɗu ina renon akwatin nan kamar jinjiri. Na ce wa Alhaji kada a ajiye shi gaban taga, ya ce shi so yake baƙo na shigowa ya gani. Na ce a ba kifi abin da za su cinye cikin minti 2 kawai, ashe duk yaron da ya gifta sai ya watsa musu. Da hunturu ya kama, ruwa ya riƙa ƙafewa da sauri, maimakon a aiko mini sai maigadi ya dinga cikawa da ruwan pampo. To me zai hana gansakuka fitowa? Ta fito koriya shar, zara-zara kamar gemun masara.

Na ce ya ba ni sati shida in gyara. Ya ce ran Juma'a yake da baƙi. Sai ga wani mai wanke tafkin wanka na otal ya kawo masa shuɗin ruwa a gora, wai da shi suke kashe gansakuka. Ruwan nan akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsa, shi kuwa jan ƙarfe ko ƙanƙani ne guba ne ga murjani da dodon koɗi da jatan lande. Bayan kwana biyu aka kira ni. Tun daga zaure wari ya tare ni. Murjanin duk ya zubar da namansa, sai farin ƙashi. Duwatsun ma sun tashi daga aiki, domin dutse tsotse gubar yake yi ya riƙa sakinta kaɗan-kaɗan. Da na nemi cikon kuɗina, mutumin nan ya dubi tsabar idona ya ce ai tun farko mataccen kaya na kawo masa. Na kai magana gaban dattawa, suka ce in yi haƙuri, babban mutum ne. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Ku yaran yanzu kun saba, komai sai ku latsa salula ku kalli bidiyon minti ɗaya, ku ce kun gane. Gansakuka ci take yi kamar kowace shuka. Takinta nitirat da fosfat, daga kashin kifi da ragowar abinci da ruwa marar tsabta, sai kuma haske. Ka hana ta ci, ta mutu da kanta. Ba zan tsaya koya maka haɗa ruwan gishiri ba. Wanda ya shekara a shagona bai san giram 35 a lita ba, ya koma tallan goro.

Ka fara da awo. Fosfat kada ya wuce 0.1 a ma'auni, nitirat ya tsaya wajen 5 zuwa 10. Amma kada zafin kai ya sa ka share su ƙaf, domin in ruwa ya tsiyace sarai wata irin gansakukar ce ke fitowa, mai launin ruwan ƙasa, mai yauƙi da 'yan kumfa a jikinta, ita ce ke kashe dodon koɗi, kuma ta fi wannan taurin kai nesa ba kusa ba.

Ruwa kuwa, na pampo da na rijiya da na leda duk ban yarda da su ba. Sai wanda ya bi ta injin tacewarmu, ka tsoma ma'aunin dattin ruwa ya nuna sifiri. Da shi za ka cike abin da ya ƙafe, ba tare da gishiri ba, tunda gishirin bai tafi ko'ina ba. Duk sati ka canza kashi 10 cikin 100.

Doguwar gansakukar ka tsige ta da hannu. Dutsen da ba murjani a kansa ka ciro shi, ka goge da burushin haƙori cikin bokitin tsohon ruwan akwatin, kada ka goge a ciki ta watsu. Sai ka rage ta sannan dodon koɗin da ke cikin akwatin zai iya cinye sauran, don ba ya son wadda ta yi tsawo. Fitila awa 8 ta isa, a kuma sauke labulen tagar nan. In ka ga ja mai kama da majina a kan yashi, wurin ne ruwa ba ya motsi, ka juya bakin pampon da ke motsa ruwan akwatin ya hura can. Kuma watan Afrilu na tafe: zafin ruwan ya zauna digiri 25 ko 26, in kuran ya ɗauke a irin zafin Maraɗi kafin la'asar sai ka tarar da ɓarna, don haka ka duba batirin tun yanzu.

Tashi ka ɗauki kayan awo ka tafi. Kafin ka taɓa komai, ka tambayi uwargidan wa ke ba kifi abinci, sau nawa a rana, da wane ruwa suke cikawa. In likita ya ce yana sauri, ka ce masa ya kira ni.