Tabo a Fim: In Sayi Inji Ko In Rage Kuɗin Wanki?

Tambaya daga wani mai hoto a Jidda: "Malam, samari masu ɗaukar hoton tsofaffin gidajen unguwar Al-Balad suna kawo min fim baƙi-da-fari ina wankewa da hannu. Yanzu tabo da ɗigo sun dame ni, har ina mayar wa mutane kuɗinsu. In ci bashi in sayi inji, ko in rage farashi?"

Ɗan'uwa, ko ɗaya kada ka yi. Inji ba zai gyara maka ruwa ba, wanda hotonsa ya lalace kuma ba ragi ya zo nema ba.

Ɗaga fim ɗin ga haske tukuna. In tabon fari-fari ne a ɓangaren da ke sheƙi, ruwa ne ya bushe a kai. Sake ɗauraye shi da tataccen ruwa na kantin magani, da ɗan ɗigon Photo-Flo, sinadarin da ke hana ruwa barin tabo a fim, zai fita. In ɗigon zagaye ne garai-garai, kumfar iska ce ta hana sinadarin wanki taɓa wurin. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai nan gaba ka riƙa buga gindin tankin da kake wanke fim a ciki a tebur duk bayan ka jujjuya shi. In fim ya yi hazo kamar madara, fiksa, wato sinadarin da ke tabbatar da hoto a fim bayan wanki, ta gaji, mayar da shi cikin sabuwa.

A nan nake zargin kuɗinka ke zurarewa. Masu sana'a da yawa suna jan sinadari har sai ya mutu, wai tattali, alhali araha ba ta ado. Yanki bakin fim da ba a wanke ba ka jefa cikin fiksa, ka duba agogo. Ranar da lokacin washewarsa ya ninka na sabuwa, zubar da ita. Sinadarin wanki irin D-76 kuwa, haɗa shi ɗaya-da-ɗaya da ruwa, ka yi aiki da shi sau ɗaya tak, ka sa kuɗinsa cikin farashin kowane nadin fim.

Sai zafi. Wankin yana son digiri 20, ruwan famfon Jidda da rani kuwa ka san yadda yake. Ma'aunin zafi da ƙanƙara sun ishe ka. Shanya fim a rufaffen wuri, ba fanka, ba kusa da na'urar sanyaya ɗaki ba, don ƙura ce ke zama farin ɗigo a hoto.

Buɗe littafi: ranar haɗa sinadari, nadi nawa ya wanke, riyal nawa ka mayar. Bayan wata biyu ka turo min lissafin, sai mu duba maganar inji.