Ƙara wa sandar daidaito ta baya kauri zai gyara tafiyar mota?

Tambaya: Ina da Toyota RAV4 ƙirar 2008, da ita nake zuwa aiki a nan Yamai, wata-wata kuma in kai iyali Tawa. Duk lokacin da na shiga shataletale sai ta kwanta gefe guda har na baya su riƙa rirriƙe kujera. Wani ya ce in sa mata sandar daidaito ta baya mai kauri. Zai yi amfani? (Wani mai karatu, unguwar Lazare)

Amsa: Malam, kwanciyar za ta ragu, wannan babu shakka. Amma ga hanyoyin da kake bi, abin da za ka rasa ya fi abin da za ka samu, kuma da wuya a ce sandar ce tushen matsalarka.

Sandar daidaito ƙarfe ne mai lanƙwasa a kai biyu, tsakiyarsa a ɗaure da jikin mota cikin robobi biyu, kowane kai kuma a haɗe da ƙafar mota ta ɗan gajeren ƙarfen da makanikai ke kira biyelet. Idan tayoyin baya biyu suka hau tudun rage gudu tare, sandar ba ta aikin komai, juyawa kawai take yi cikin robobinta. Sai taya ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa sannan take murɗewa, ta yi gardama. A kwana haka ake so. A rami kuwa, wanda yawanci taya ɗaya ke faɗawa, sandar ce ke kai bugun zuwa ɗaya gefen, mota ta girgiza mutane hagu da dama. Ka tuna gargadar da ke tsakanin gidanka da kwalta, da hanyoyin burji bayan ruwan Agusta, ka ga wanne ka fi haɗuwa da shi a rana: kwana mai gudu ko rami.

Kauri kuma yana da yaudara. Taurin sandar ba ya bin kauri ɗaya bayan ɗaya. Kaurin ake ninkawa da kansa sau huɗu. Daga milimita 19 zuwa 22, a ido bambancin ba komai ba ne, amma tauri ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin ɗari. Daga 16 zuwa 19 ya kusa ninkawa biyu.

Ga inda haɗarin yake. Masu ƙera motocin gida da gangan suke barin gaba ya riga baya sulɓewa, domin direban da ya ji gaba na turjewa zai ɗaga ƙafa daga totur, mota ta dawo hanya da kanta. Taurara baya yana juya wannan lissafi: nauyin kwana ya fi sauka kan tayar baya ta waje, riƙon baya ya ragu. A busasshiyar kwalta za ka ji mota ta yi biyayya ga sitiyari, ka ji daɗi. Amma ka ɗauka kana kan hanyar Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni da gudun kilomita 100, jaki ya faɗo, ka kauce ka saki totur a lokaci guda, ga yashi kwance a bakin kwalta. Bayan ne zai nemi wucewa gaba, kuma RAV4 mota ce mai tsayi, in da kaya a kan rufi abin ya ƙara muni.

Motar da ta kai waɗannan shekaru, kafin a taɓa kaurin sanda, a fara duba amortisar, wato na'urorin da ke hana mota lilo bayan ta faɗa rami. A leƙa ko akwai mai yana tsiyaya a jikinsu, a danna kusurwar mota da ƙarfi a saki; in ta yi lilo fiye da sau ɗaya, sun gaji, kuma a canja biyu tare. Sai biyelet: a kama da hannu a jijjiga, in yana wasa ko robar kansa ta tsage, shi ne mai ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji a gargada. Sau da yawa ana tarar da ɗaya ya karye tun tuni, ko wani ya kwance shi don ya kashe ƙarar, sandar tana nan kamar babu ita. Robobin tsakiya ma zafin rana da ƙura suna busar da su har sandar ta riƙa yawo a ciki. Iskar taya a auna da safe kafin a yi tafiya, a bi lambar da ke manne a bakin ƙofar direba, ba abin da mai faci ya saba bugawa kowa ba. Waɗannan huɗu kan dawo da mota yadda ta fito.

In duk lafiya lau ne kuma har yanzu kana so, to a auna sandar da ke ciki tukuna. Bakin sufana ya isa, wadda ta shige daidai ita ce lambar. Kada ƙarin ya wuce milimita 2. A nemi wadda aka ƙera don wannan ƙirar, da robobin da suka dace da sabon kaurin da sababbin biyelet. In tana da ramuka biyu ko uku a kai, a fara da na can ƙarshe, shi ne mafi laushi. Ƙusoshin kuma a gama ɗaure su bayan an sauke mota ta tsaya kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su zauna a murɗe su tsage da wuri.

Abu ɗaya da ba a yi: ɗauko sandar wata mota a kasuwar kayan gyara a gasa ta da wuta don ta shiga, ko a yi mata walda. Ƙarfen sifirin ne, wuta na kashe shi, kuma daidai wurin da aka gasa zai ɓalle. Bayan an ɗaura, ka gwada ta a fili mara mutane da gudun 30 zuwa 40, da mota fanko sannan da lodi, kafin ka ɗauki iyali zuwa Tawa.