Amsa kan yadda ake mayar da "chaleur fatale" zuwa Turanci

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kina fassara rahoton binciken amfani da makamashi na wata masana'antar siminti daga Faransanci zuwa Turanci, kika ci karo da jimlar "le gisement de chaleur fatale du site reste à valoriser", ƙamus kuma ya kai ki ga "fatal heat", amma hankalinki bai kwanta ba. Gara da kika tsaya, domin injiniyan da ke aiki da Turanci idan ya ga haka zai ɗauka ana maganar zafin da ke kashe ma'aikata ne. Abin da za ki rubuta shi ne "waste heat". Na daɗe ina fassara irin waɗannan takardu tsakanin ofisoshin Nijar da abokan hulɗarsu masu aiki da Turanci, don haka bari in faɗa miki dalili, domin kalmar za ta sake fito miki a wuraren da wannan amsa ba za ta yi aiki ba.

Asalin "fatal" daga kalmar Latin "fatum" ne, wato ƙaddara. Faransanci ya riƙe ma'anoni biyu, abin da ke halakarwa da kuma abin da ba makawa sai ya faru, alhali a Turancin yau ma'anar halaka ce ke fara zuwa wa mai karatu. Injiniyoyin Faransa ma'ana ta biyu suke nufi: zafin da aiki ke fitarwa ko an so ko ba a so ba, wanda ba dominsa aka kunna injin ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban janareta a masana'antun Sharaɗa ko Bompai ya san abin. An zuba mai ne don a samu lantarki, amma abin da ke zama lantarki bai kai rabin ƙarfin man ba, sauran yana fita ta salansa da lagireto, har iskar ɗakin ta hana mutum daɗewa a ciki. A masana'antar siminti kuwa, inda ake gasa kayan haɗi har su kai digiri 1,450, zafin yana tserewa ne ta hayaƙin da ke fita daga hasumiyar da ake ɗumama garin kayan haɗin, wanda yakan haura digiri 300, da kuma iskar da aka hura don sanyaya dunƙulen simintin bayan fitowarsa daga wuta.

Idan mai aikin ya nemi hujja, kada ki tsaya ga ƙamus, ki je ga dokar Tarayyar Turai mai lamba 2018/2001 kan makamashi mai sabuntawa. A sashe na 2, inda aka bayyana ma'anar kalmomi, abin da Faransanci ya kira "chaleur et froid fatals" shi ne Turanci ya kira "waste heat and cold", kuma a cikin bayanin Turancin ne aka sa kalmar "unavoidable", wadda ta ɗauki nauyin ba makawar nan da sunan ya rasa. Shafin EUR-Lex, inda Tarayyar Turai ke wallafa dokokinta, yana buɗe doka ɗaya da harsuna biyu gefe da gefe. A ganina wannan ya fi kowane ƙamus amfani ga mai fassarar fasaha, saboda rubutun biyu ƙarfinsu ɗaya a gaban shari'a, kuma masana sun bi su kalma bayan kalma kafin a sa hannu.

Akwai wata matsala da ta shafi siminti musamman, kuma a nan nake so ki yi taka-tsantsan. Masana'antun siminti da yawa a Turai suna ƙona tsoffin tayoyi da busasshiyar shara a madadin wani ɓangare na kwal, saboda haka a rahoto ɗaya ana iya samun maganar zafin da ke tserewa da kuma maganar zafin da aka samu daga ƙona shara, kuma dukansu biyu kalmar "waste" tana cikinsu a Turanci. Wani manaja da na taɓa yi wa aiki ya dawo mini da takarda yana cewa su ba sa ƙona shara, me ya kawo wannan kalma cikin rahotonsu. Abin da ya raba gardamar shi ne jimla guda da na ƙara a wurin da kalmar ta fara fitowa, mai bayyana cewa zafin da aikin sarrafawa ke fitarwa ake nufi. Wasu marubuta, musamman na ƙasashen arewacin Turai irin su Denmark, sun fi son "excess heat" ko "surplus heat", bisa hujjar cewa abin da za a iya sayarwa bai kamata a kira shi shara ba. Hujjar tana da ƙarfi, amma ni ba na bin ta sai mai aikin ya nema, domin "waste heat recovery" shi ne sunan da masu sayar da injuna da masu ba da rance suka sani, shi za su nema a cikin rahoton. Duk wanda kika zaɓa, ki tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Kada kuma ki ɗauka duk inda "fatal" ta fito "waste" za a sa. "Hydrogène fatal", wato iskar haidirojin da ke fitowa a gefe yayin da ake sarrafa sinadarin kulorin, ana ce mata "by-product hydrogen". Idan kuma takardar ta koma kan wutar lantarki ta ce "production fatale", tana nufin wutar da ake samu daga iska ko hasken rana ko kogin da ba a tare ruwansa ba, wadda take zuwa a lokacinta, ba lokacin da mai kula da layin wuta ya buƙace ta ba, kuma Turancinta "non-dispatchable generation" ne.

Sauran kalmomi biyu na jimlarki su ma suna da tarko. "Gisement" a asali ma'adinin da ke kwance a ƙasa ne, kamar yuraniyom na Arlit, kuma mu da muka saba da takardun ma'adinai hannunmu yakan yi saurin rubuta "deposit". A maganar makamashi yawan abin da za a iya cetowa ake nufi, wato "potential". Da wannan ma'ana hukumar ADEME, mai kula da muhalli da makamashi a Faransa, ta yi amfani da kalmar a bincikenta na 2017, inda ta ƙiyasta zafin da masana'antun ƙasar ke zubarwa a kan TWh 109.5 (TWh ɗaya kilowat-awa biliyan ɗaya ne), kimanin kashi 36 cikin 100 na man da suke ƙonawa, kuma kusan rabinsa ya haura digiri 100. "Valoriser" kuwa kada ki mayar da ita "valorise", domin mai karatun Turanci ba zai ga injin ko bututu a cikinta ba. Faransawa suna bambanta "récupérer", wato kama zafin, da "valoriser", wato sa shi aiki, kamar yadda birnin Dunkerque na Faransa yake ɗumama gidaje da zafin masana'antar ƙarfen da ke gefensa tun cikin shekarun 1980. A jimlarki zan rubuta "the site's waste heat potential has yet to be tapped". Idan sakin layin da ke biye yana maganar kayan aikin da za a kafa ne, kamar tukunyar tururi da injin samar da lantarki, to "the site's waste heat is not yet being recovered and used" ta fi kai mai karatu ga abin da ke tafe.

Ki bi jadawalolin rahoton da ido sosai kafin ki miƙa aikin. Faransanci yana sa waƙafi a inda Turanci ke sa ɗigo, don haka 2,500 a takardar asali biyu da rabi ne, alhali mai karatun Turanci zai karanta dubu biyu da ɗari biyar. "Tep", wato makamashin da ya yi daidai da tan ɗaya na ɗanyen mai, tana zama "toe", kuma guda ɗaya daidai yake da MWh (megawat-awa) 11.63. Inda kika ga "PCI" a gaban adadin mai, wato zafin da man ke bayarwa ba tare da lissafa wanda ke tafiya da tururin ruwa ba, ki rubuta "LHV" ko "net calorific value", inda kuma aka sa "PCS", wato an haɗa da zafin tururin, ki rubuta "HHV" ko "gross calorific value". Tazarar da ke tsakaninsu a iskar gas ta kai kusan kashi 10 cikin 100, saboda haka idan marubucin bai fayyace wanne ya yi amfani da shi ba, ki tambaye shi kafin ki sa komai a jadawalin.