Takin molibdenam ga gyaɗa da wake: yaushe yake amfani, nawa ake sawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na shuka gyaɗa da wake, na sa musu takin SSP, amma ganyen ya ƙi yin kore shar, sai ruwan ɗorawa-ɗorawa, shukar kuma ta tsumbure. An ce mini sinadarin molibdenam ne babu a ƙasar. Da gaske ne? Idan haka ne, nawa zan sa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tana iya yiwuwa, amma kada ka sayi komai tukuna sai ka duba saiwar.

Gyaɗa da wake ba su dogara da buhun taki wajen samun naitirojin ba. A jikin saiwarsu akwai 'yan ƙuraje da ƙwayoyin rizobiyam, wato wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ke zaune a ciki, su ne ke janyo naitirojin daga iska su ba shuka. Wannan aiki ba ya tafiya sai da molibdenam. Haka kuma yawancin naitirojin ɗin da saiwa ta tsotso daga ƙasa, ganye ba ya iya sarrafa shi in babu molibdenam. Shi ya sa rashinsa yake kama da yunwar naitirojin sak: tsofaffin ganyen ƙasa su fara koɗewa, shuka ta ƙi girma.

Mako biyar zuwa shida bayan shuka, ka tono gindi biyar ko shida daga wurare daban-daban na gonar. Tonowa za ka yi, ban da fizga, don ƙurajen na tsinkewa su zauna a ƙasa. Ka wanke saiwar, ka tsaga ƙurajen da reza. In ka ga cikinsu ja-ja kamar ɗanyen nama, suna aiki, matsalarka ba ta molibdenam ba ce. In suna da yawa amma ƙanana, cikinsu fari ko kore-kore, to zargin ya yi ƙarfi. In babu ƙurajen ko kaɗan, ƙwayoyin ne babu, ko ruwa ya kwanta a gonar, kuma molibdenam ba zai gyara wannan ba. Idan kuwa sabon ganyen sama ne ya koɗe jijiyoyinsa na nan kore, wannan alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce.

Sau da yawa molibdenam ɗin yana nan a ƙasar, tsami ne ya ɗaure shi. Da zarar pH, wato awon tsamin ƙasa, ya sauka ƙasa da 5.5, sai ya manne wa ƙasa, saiwa ta kasa ɗauka. Jigawar da aka daɗe ana nomawa, musamman wadda ta sha takin amoniyam salfet shekara da shekaru, ita ta fi shiga wannan hali. Don haka a gwada ƙasar. In tsamin ya yi yawa, garin laim na noma mai rage tsami da aka haɗe da ƙasa makonni kafin shuka yakan saki molibdenam ɗin da kansa, ya kuma ba gyaɗa kalsiyam da take buƙata don cika kwanso. Ka lura, kwanson gyaɗa da ya fito fanko yawanci kalsiyam ne ya rasa, molibdenam ba ya maganinsa.

Takin molibdenam da aka fi samu shi ne sodiyam molibdet, mai kashi 39 cikin 100 na molibdenam, sai amoniyam molibdet mai kashi 54. Hanyar da na fi so ita ce shafa wa iri, don ta fi kai sinadarin inda ake buƙatarsa. Giram 50 zuwa 100 na sodiyam molibdet ya ishi irin hekta guda. A narkar da shi cikin ɗan ruwa kaɗan da aka sa wa ƙaro ko sukari don ya kama, a yayyafa, a juya a hankali saboda ɓawon gyaɗa ba ya son murza, a shanya a inuwa, a shuka ran nan. Idan za ka haɗa da garin rizobiyam, sai molibdenam ɗin ya bushe sannan a sa garin, a shuka nan take, domin molibdet ɗin yana kashe ƙwayoyin in sun daɗe tare.

Tunda shukarka ta riga ta fito, feshi ya rage maka: rabin giram zuwa giram 1 a kowace litar ruwa, wato giram 8 zuwa 15 a injin goyo mai lita 15. A yi da sassafe ko da yamma, kafin fure ya kankama. In rashin molibdenam ne, za ka ga ganyen ya fara dawowa kore cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ka bar kunya biyu ko uku ba feshi, su za su nuna maka gaskiyar bambancin. A gonar da ba ta rasa shi ba, ko ƙwaya ɗaya ba zai ƙara maka ba.

Don Allah a auna da sikeli, kada a ƙiyasta da hannu. Shukar tana jure yawansa ba tare da ta nuna komai ba, amma yana taruwa a harawa. Shanu da tumaki da awaki in suka ci harawar da ta wuce kima, jikinsu ya daina amfana da sinadarin kofa (jan ƙarfe), sai zawo, rama da koɗewar gashi. Feshi ɗaya a damina ya wadatar, kuma in ka sa laim, ka sake tona saiwar badi kafin ka ƙara.